Tsakanin Farantin Talla Da Jakar Makaranta

'Yar uwa, duk ranar da aka tayar da maganar ƙarancin karatun 'ya'ya mata a ƙasar Hausa, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin 'yan boko ita ce wai iyaye ne jahilai, ba su san daɗin ilimi ba. An daɗe ana faɗin haka a rediyo da wajen taro, har mu kanmu mata mun karɓa mun haddace. To amma fa uwar da ta iya juya jarin mudu biyu na wake har ta yi wa 'ya'ya uku kayan ɗaki, da wuya a ce ba ta iya lissafi ba. Lissafin ta yi, ta ga abin da makaranta za ta ɗauke mata da abin da za ta ba ta, sannan ta yanke hukunci. Ko hukuncin ya yi daidai ko bai yi ba wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Abin da masana zaman jama'a suka daɗe da lura da shi shi ne, makaranta ba a sama take rataye ba, a cikin gari take. Yarinyar da malami ke kira ɗaliba, a gida ita ce 'yar aike, ita ce mai reno, ita ce mai kai niƙa, ita ce kuma mai ɗaukar faranti. Idan makaranta ta kira ta, akwai wanda zai rasa hannu a gida. Tarihin karatun mata a wannan ƙasa tamu kusan duk a kan wannan ya ta'allaƙa, wato wa zai riƙe aikin da yarinya ta bari.

Bari mu faro daga Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. A gidan karatu ta tashi, kuma Shehu da kansa ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna koyar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu a bayan katanga. Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato. Duk wannan an sani. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne dabarar da ta yi.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, sabuwar daular ta wayi gari da ɗimbin mata a ƙauyuka da cikin gidaje, da yawansu yaƙi ne ya kawo su, ba su san komai na addini ba sai sama-sama, bori kuma shi ne abin da suka tashi suka tarar, shi ne asibitinsu, shi ne majalisarsu. Waɗannan matan su ne za su goyi 'ya'yan gobe. Kin ga ke nan karantar da su ya zama larura ga mulkin kansa. Sai dai ta yaya? Matar aure mai goyo ba za ta bar miji da tukunya ta kama hanyar Sakkwato ba. Asma'u ba ta ce sai ta zo ba. Wajen shekarun 1830 ta fara naɗa dattijan mata masu hankali daga garuruwa, kowacce ana kiranta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Takan ba jaji malfa da jan rawani, kuma a nan ma akwai hikima, domin malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, wato shugabar 'yan bori. Matan ƙauye sun saba girmama mai malfa, sai ga malfar ta dawo kan malama.

Jaji ita ke taro mata ta kawo su, shi ya sa ake ce musu 'Yan Taru. Su wa take kawowa? Tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su isa aure ba, wato daidai waɗanda gida zai iya saki na 'yan kwanaki ba tare da murhu ya mutu ba. Sukan taho da tsarabar zuma da man shanu da hatsi da tufafi, a raba wa mabukata. Karatun kuma waƙe ne, saboda waƙa ba ta neman takarda ko fitila, mace tana daka tana yi, tana kaɗi tana yi. Asma'u ta tsara waƙar da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta yi wasu a kan tauhidi da tarihin Manzon Allah (SAW) da salihan matan da suka gabata. Idan ayari ya koma gida, sai su bi ɗaki-ɗaki suna biya wa matan auren da ba su samu zuwa ba. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma tsarin ya rayu har cikin zamanin Turawa da bayansa. Ba aji, ba ƙararrawa, ba albashi, amma ya shekara fiye da ɗari.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun zo da tasu makarantar da nata dalilin. Su ma'aikata suke nema, masu rubuta haraji da riƙe littafin baitulmali da kotu. Saboda haka da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai maza ya tara. Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu, ita ma ta maza ce zalla. A Kudu 'yan mishan ne suka yaɗa boko har ga mata, a nan kuwa an taƙaita shigarsu ƙasashen sarakunan Musulmi, gwamnati ita kuma ba ta son kashe kuɗi. Sai a 1930, shekara 21 bayan ta maza, aka buɗe wa 'yan mata wuraren karatu a Katsina da Kano, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Abdullahi Bayero. A 1939 aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato.

Waɗannan makarantun farko a jikin gidan sarauta aka dasa su, ɗalibansu 'ya'yan sarki ne da na hakimai da na bayin sarki da barori. Ba a yi rigima da faranti ba, don 'yar sarki ba ta talla. Abin da ake koya musu kuwa tsabta ne da ɗinki da saƙa da renon jariri, sai ɗan karatu da lissafi. Manufar a fili take: samarin da aka koya wa boko suna bukatar matan da za su iya zama da su. Wato ita yarinyar ba don kanta aka kai ta ba. Kada ki yi mamaki, Turawan wancan lokaci ko a Ingila yawancinsu haka suka ɗauki karatun mace.

Da aka so faɗaɗa abin zuwa talakawa sai aka bi ta hanyar da aka saba bi wajen haraji da aikin tilas. A ce wa hakimi ya kawo yara kaza, shi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa, mai unguwa kuma ya dubi gidan da ba shi da gata. Har yanzu tsofaffi suna ba da labarin yadda ake ɓoye yarinya a rumbu, ko a tura ta wajen gwaggonta a wani gari, ko a ɗaura mata aure da gaggawa don kada dogari ya tafi da ita. Wasu har toshiya suke bayarwa. Duk abin da ya shigo gari a bayan dogari, ai ba a yi masa kallon alheri. Ga tsoron kada a juya wa yaro addini, ga waƙar zambo da yara ke bin 'yan boko da ita a lungu. Wannan tabo ya daɗe bai warke ba, kuma wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya faru daga baya ba.

A shekarun 1950 an samu masu tayar da murya daga cikin gida. Malam Aminu Kano ya yi ta magana a kan 'yancin mata da karatunsu, Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 a kan matsayin mace a Musulunci har ya jawo ce-ce-ku-ce. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, manya suka shiga ajin yamma. Amma yawancin masu zuwa maza ne, mai kulle tana ciki.

A nan ya kamata mu ɗan zauna a kan kullen nan da sana'ar da ke cikinsa, domin nan ne zuciyar maganar. Masana da dama suna ganin kulle ya ƙara bazuwa cikin talakawa ne a ƙarni na 20, bayan an hana bauta, saboda a da aikin gona ga mace alamar baiwa ce, zaman ɗaki kuma alamar 'ya. Sai dai zaman ɗaki bai taɓa nufin zaman banza ba. Leƙa kowane gida a cikin birni ko ƙauye, za ki tarar da mai ƙosai, mai fura, mai ɗanwake, mai alala, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai ɗinkin hula, mai sayar da gishiri da daddawa a bakin gado. Kasuwa ce guda a ɓoye bayan katanga, kuɗin da ke cikinta kuma na matar ne, miji ba shi da iko da shi. To wannan kasuwar ƙafarta ita ce yaro. Shi zai sayo wake, ya kai inji, ya ɗauki faranti ya zaga, ya karɓo bashi, ya kai zubin adashi, ya kai gudummawar biki gidan ƙawa. Yaro namiji da ya fara girma an hana shi shiga gidajen mutane, ita kuwa yarinya har ɗakin amarya tana shiga. Saboda haka 'ya mace ta fi tsada a wannan ciniki.

Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 tana bin diddigin aikin yara a unguwanni biyu. Abin da ta rubuta kowace uwa ta riga ta san shi, amma ya yi kyau da aka sa shi a takarda: matar kulle da ba ta da yaron aike kusan ba ta da sana'a, kuma ribar tallan yarinya yawanci kayan ɗakinta ake tarawa da ita. Ki tuna yadda ake jera samira da tasoshi da kwalla har su kusa taɓa rufi. 'Yan boko suna yi wa wannan dariya, suna cewa kwanon da ba a cin abinci a ciki mene ne amfaninsa. Amfaninsa shi ne banki ne. Ranar da miji ya karye, ko ya yi saki, ko ciwo ya zo, kwanon nan ake ɗauka a sayar. Shi ne kuma mutuncin amarya a gaban kishiya da dangin miji. Uwar da ta kai 'yarta ɗaki fayau, gori zai bi ta har kabari. Ƙari a kan haka, a wajen talla da dandali ne samari ke ganin yarinya, daga nan toshi ke fara shigowa.

Ana cikin wannan hali sai ga UPE. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya, da kuɗin man fetur da ya yi ambaliya a lokacin. An yi shirin yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka rasa azuzuwa, aka zauna a gindin bishiya, aka yi wa malamai horon gaggawa aka tura su ƙauyuka, wasunsu da kaɗan suka girmi ɗalibansu. Kada mu yi butulci, UPE ta yi rana. Da yawa daga cikin matan da suka zama malaman makaranta da nas-nas da marubuta a ƙasar Hausa ta wannan ƙofar suka shiga, kuma ba don ita ba da littattafan soyayyar da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980 ba su samu masu karanta su ba.

Amma waɗanda suka tsara ta a Legas ba su tambayi mai ƙosai ba. An sa lokacin makaranta daga safe zuwa azahar, daidai lokacin koko da ƙosai da kuma tallan abincin rana. An haɗa maza da mata a aji guda a hannun saurayin malami baƙo. An ce shekara shida, alhali a lokacin yarinya da yawa ana yi mata aure tana 12 ko 13. An ce kyauta ne, kuma gaskiya ba a karɓi kuɗin makaranta ba, sai dai ba wanda ya lissafa cinikin da ya tsaya. Uwa ta duba ta ga an ɗauke mata ƙafa, an ce ta jira shekara goma sha wani abu kafin ta ga amfani, amfanin ma gidan wani za a kai shi. Sai aka shiga wasan ɓuya. A rubuta sunan yarinya a rajista don a rabu da mai unguwa, ta je Litinin ta tsallake Talata, ko ta je da faranti ta ajiye a bayan aji. Wata uwar ta ba da ɗaya ga boko ta riƙe ɗaya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, jihohi suka fara kasa biyan malamai, kuɗaɗe iri-iri suka dawo, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa sauran. Mai takardar sakandare ya dawo gida yana zaman kashe wando, uwar da ta hana 'yarta zuwa ta ce, to ba ga shi ba.

Ni dai a ganina uwar nan ta yi daidai a lissafin yau, ta yi asara a na gobe. Faranti yana kawo kuɗi da yamma, amma abin da yake jawo wa yarinya a tasha da gareji da shagunan 'yan tireda kowa ya sani, ko da ba a faɗa. Kuma kwanon da aka tara yana ƙarewa. Matar da aka saki tana da 'ya'ya biyar, ko mijinta ya mutu, ta sayar da jeren ta cinye cikin shekara, wadda ta iya karatu kuwa nata jarin ba ya shiga kasuwa. Sannan ga abin da ya fi ba ni haushi: maigidan da zai yi rantsuwa namiji ba zai duba matarsa a asibiti ba, shi ne kuma zai cire 'yarsa daga aji huɗu. Daga ina likita macen za ta fito, daga sama?

Abin sha'awa shi ne matan da aka ce ba sa son ilimi, su ne suka cika makarantu maƙil da zarar an zo da wadda ta dace da zamansu. Daga ƙarshen shekarun 1970 makarantun Islamiyya na matan aure suka fara yawaita. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta matsa ƙwarai a kan wannan, 'yan ɗariƙu su ma suka buɗe nasu, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta sa hannu. An sha rigima kafin maza su yarda, an yi wa'azi an yi raddi a kan ko ya halatta matar aure ta fita neman ilimi. Amma duba yadda aka tsara abin. Makarantar tana cikin unguwa. Lokacinta bayan an sauke tukunya ne, da dare ko Asabar da Lahadi. Mace ta sa hijabi ta tafi da goyonta, ba wanda zai ce ta bar shi a gida. Kuɗin wata kaɗan ne, daga ribar sana'arta za ta biya. Kuma ranar sauka ko walima, miji da dangi suna alfahari. Ba a raba ta da komai nata ba. Da wuya a ce masu buɗe waɗannan makarantu duk sun karanta tarihin 'Yan Taru, amma sawun Nana Asma'u suka taka.

Ta ɓangaren boko ma an gwada irin wannan. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa da cibiyoyin mata inda ake haɗa karatu da koyon ɗinki da saƙa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga firamare aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, ta irin wannan ajin ta koma karatu, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, wanda shi kansa labarin yarinyar da aka raba da makaranta ne. Ki auna yawan irinta da ba su samu ajin ba.

Sai dai kada daɗi ya kwashe mu. Islamiyyar dare tana gyara sallah da karatun Alƙur'ani, tana koya wa mace haƙƙinta na aure da gado, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ta ba da takardar ungozoma. Wannan sai an zauna a aji shekara da shekaru da rana tsaka, wato dole dai a koma ga yarinya da farantinta. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas ne, har da hukunci ga iyayen da suka ƙi. Tilas kuwa mun ga yadda ta ƙare a zamanin dogari. Abin da ya ɗan bambanta a 'yan shekarun nan shi ne an fara kallon aljihun uwa. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan firamare, inda aka ɗauki matan unguwa aikin dafawa, wato mai abincin sayarwa ta samu kasuwa a cikin makarantar kanta. A 2020 kuma aka shigo da shirin AGILE da rancen Bankin Duniya a wasu jihohi, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, wanda a cikinsa akwai ba iyaye marasa ƙarfi ɗan tallafin kuɗi muddin 'yarsu tana zuwa sakandare. Wato an yarda a rubuce cewa zaman yarinya a aji yana da farashi, kuma uwa ce ke biya. Ita dai mai ƙosai ba ruwanta da sunan shiri. Za ta duba ko kuɗin yana zuwa a kan lokaci, za ta gwada shi da abin da faranti ke kawowa a wata, sannan ta tambayi maƙwabciyarta ko 'yarta da ta gama aji shida na sakandare ta iya karanta takardar asibiti.